Kwamfutar da Za Ta Tuna Inda Ka Ajiye Komai

Duk bayan 'yan shekaru sai jita-jita ta tashi cewa babbar manhajar kwamfuta mai zuwa za ta sauya komai. A 2023 jaridun fasaha sun cika da labarin wata Windows 12 da aka ce tana tafe a 2024, da ƙirƙirarriyar basira a cikinta tun daga tushe. Shekarar ta zo ta wuce, abin da aka gani sabon zubi ne na Windows 11. Kafin nan, a 2015, wani ma'aikacin Microsoft mai suna Jerry Nixon ya faɗa a gaban taro cewa daga Windows 10 an rufe, aka yi ta yayata maganar, sai ga Windows 11 a watan Oktoban 2021. Mai bin waɗannan labarai zai iya cewa duk shaci-faɗi ne, amma ni ban ɗauke su haka ba. In ka tattara hasashen da aka yi ta yi tun farkon shekarun 1990, za ka tarar kusan buri ɗaya ne ake ta sake wa suna: a samu kwamfutar da za ta miƙo maka abinka ba sai ka tuna inda ka ajiye shi ba. Buƙatar ta gaskiya ce, kuma dalilan da suka hana ta biya sun fi jita-jitar kanta koya wa mutum yadda kwamfuta ke aiki.

Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi da zarar ka kunna kwamfuta, irin su Windows da macOS da Linux. Sauran manhajoji, na rubutu ne ko na lissafi ko na shiga intanet, ba sa taɓa ƙarfen kwamfutar da kansu. Idan Word na son ajiye wasiƙarka, babbar manhaja take roƙa ta rubuta mata a faifai. Haka idan tana son fili a ma'adanar wucin-gadi da ake kira RAM, ko lokaci a masarrafa, ko tura takarda zuwa firinta. Ƙofofin da ake bi a yi waɗannan roƙe-roƙe dubbai ne, kuma kowacce alkawari ce: in ka ƙwanƙwasa ta kaza, za a ba ka amsa kaza. A kan alkawuran nan aka gina manhajojin da bankuna da asibitoci da ma'aikatu ke aiki da su, wasunsu an rubuta su shekara ashirin da suka wuce, waɗanda suka rubuta su ma sun watse. Duk wanda zai kawo sabon abu a babbar manhaja, da wannan tarin alkawura zai fara cin karo.

Yanzu mu dubi ajiya. Faifan kwamfuta bai san wasiƙa ko hoto ba. Gurabe ne kawai masu lamba, miliyoyinsu, kowanne na ɗaukar ɗan adadi na bayanai. Wani sashe na babbar manhaja, tsarin ajiyar fayil, shi ke riƙe da rajista: fayil mai suna kaza yana gurabe kaza da kaza, girmansa kaza, ranar da aka taɓa shi kaza, wane da wane ke da izinin buɗe shi. Na Windows sunansa NTFS, yana aiki tun 1993. Dabarar sa folda a cikin folda kuwa ta girme shi nesa, domin ta fito ne daga Multics a shekarun 1960, ta bi ta Unix, ta shigo MS-DOS a 1983. A wannan tsari kowane fayil adireshi ɗaya gare shi, kuma rajistar ba ruwanta da abin da ke cikinsa.

Lokacin da faifai ba ya ɗaukar fiye da wasiƙu 'yan ɗai-ɗai, wannan ya wadatar. Amma ka ɗauki hoto guda da aka yi a bikin ƙanwarka a Zariya, wanda gwaggonka ke ciki. A foldar biki za ka sa shi, ko ta Zariya, ko ta dangi, ko ta shekarar da aka yi bikin? Tsarin ya ce ka zaɓi ɗaya. Bayan shekara biyar, ranar da kake nemansa, fuskar gwaggo ce a ranka, amma kwamfuta adireshi take tambayarka. Mutum yana tuna abu ta hanyar wanda ya turo shi, da lokacin, da abin da ake ciki a ranar. Kwamfuta tana tuna shi ta suna da wuri. Tsakanin waɗannan biyun ne duk hasashen ke kai-kawo.

Microsoft ta fara ɗaukar alkawarin cike giɓin a farkon shekarun 1990, da wani shiri mai laƙabin Cairo, ƙarƙashin Jim Allchin. An nuna shi a taro, an yi rubuce-rubuce a kansa, wasu sassansa sun shiga Windows daga baya, amma sabon tsarin ajiyar da shi ne zuciyar shirin bai taɓa fitowa ba. Bayan shekara goma burin ya dawo da sunan Longhorn. Asalin sunan ma ya nuna yadda aka so abin ya kasance. Laƙabin Windows XP shi ne Whistler, babbar da aka shirya za ta biyo baya kuma Blackcomb, duka sunayen duwatsu ne a yammacin Kanada, Longhorn kuwa wata mashaya ce a gindinsu. Wato ɗan zango aka nufa tsakanin manyan ayyuka biyu. Sai aka yi ta ɗora masa kaya har ya fi su nauyi. A watan Oktoban 2003, a taron masu rubuta manhaja a Los Angeles, Bill Gates ya gabatar da shi da ginshiƙai uku: Avalon don zane a allo, Indigo don sadarwa tsakanin manhajoji, da WinFS don ajiya. Na ukun ne ya fi ɗaukar hankali.

An gina WinFS ne da injin rumbun bayanai na SQL Server, aka ɗora shi a kan NTFS. Rumbun bayanai ya sha bamban da folda domin ya san nau'in abin da ke hannunsa da yadda wannan ke da alaƙa da wancan. A WinFS, mutum abu ne mai suna da lambar waya da adireshi. Saƙo abu ne mai wanda ya aiko da wanda aka aika wa. Hoto abu ne mai rana da wuri da mutanen da ke ciki. Gwaggo sau ɗaya za a rubuta ta, kuma manhajar wasiƙu da ta hotuna da ta kalanda duk ita ɗin za su riƙa nunawa. Daga nan za ka iya cewa a kawo maka duk takardun da mutanen da ka gana da su a watan jiya suka turo, amsa ta fito nan take ba tare da ka buɗe folda ko ɗaya ba. Har yau ina ganin wannan ɗaya ne daga cikin kyawawan tunanin da aka taɓa yi game da kwamfutar tebur.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsofaffin manhajoji ba su san da WinFS ba, abin da suka sani shi ne su ba da adireshi su zuba bayanai. Dole WinFS ya buɗe kowane fayil ya tsamo marubuci da take da rana ya sa a rumbu, idan kuma aka gyara a rumbu ya koma ya gyara a cikin fayil, kada biyun su saɓa. Ga kuma wata ɗabi'a da manhajoji da yawa ke da ita: idan ka ce su ajiye gyara, ba sa rubutawa a kan tsohon fayil, don kada wuta ta ɗauke a tsakiya a rasa duka. Sabon fayil suke rubutawa a gefe, su kawar da tsohon, su ba sabon sunansa. A idonka takardar nan ce dai. A idon rumbu kuwa an kashe abu ɗaya an haifi wani, kuma duk alaƙar da aka ƙulla wa na farko tana iya bin sa kabari. In ka kwafe fayil zuwa filash ka kai wa abokin aiki, alaƙar ba ta bin sa. Sannan sai kamfanoni masu gaba da juna sun yarda da fasali ɗaya na abin da ake kira mutum ko waƙa ko saƙo. Sannan injin rumbun sai ya kwana ya wuni yana aiki, a zamanin da kwamfutoci da yawa RAM ɗinsu megabait 256 ne ko 512. Akwai kuma tambayar da na fi ganin nauyinta: wa zai zauna ya gaya wa kwamfuta cewa gwaggo ce a hoton nan? Mutanen da ko suna ba sa raɗa wa fayil, su ne aka sa ran za su cike gurabe goma a kan kowane hoto.

Ana cikin wannan fama sai matsalar tsaro ta taso. A watan Agustan 2003 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Blaster ta bazu a duniya ta wata kafa da ke jikin Windows, aka janye injiniyoyi da yawa zuwa toshe ɓarakar XP. A watan Agustan 2004 Microsoft ta ajiye ginin Longhorn da ke hannu, ta koma ta faro daga tushen Windows Server 2003, ta kuma sanar cewa WinFS ba zai fito tare da sabuwar Windows ba. An saki samfurin gwajinsa a 2005, ta leƙo ta koma: a watan Yunin 2006 aka ce ba zai fito a matsayin kaya mai zaman kansa ba. Longhorn ya isa hannun jama'a ranar 30 ga Janairun 2007 da sunan Windows Vista, fiye da shekara biyar bayan XP. A 2013, da aka tambayi Gates abin da ya fi jin takaicin rashin fitowarsa, wannan rumbun ya ambata.

Abin da ya ci kasuwa dabara ce da ba ta kai WinFS buri ba. Ita ce fihirisa, irin wadda ke bayan littafi. Wata 'yar manhaja na bin fayil-fayil a ɓoye lokacin da kwamfuta ba ta da aiki, tana karanta kalmomin da ke ciki, tana rubuta jadawali a juye: maimakon fayil kaza na ɗauke da kalmomi kaza, sai ta rubuta kalma kaza tana cikin fayil kaza da kaza. Idan ka rubuta «taki» da «Funtuwa» a gurbin nema, ba a buɗe fayil ko ɗaya. Layi biyu ake dubawa a jadawalin, a fitar da sunayen da suka bayyana a dukansu, shi ya sa amsa ke zuwa kafin ka ɗaga yatsa. Google ta fitar da irin wannan don kwamfutar tebur a watan Oktoban 2004, Apple ta sa Spotlight a cikin Mac OS X Tiger a watan Afrilun 2005, Vista ma da nata ta zo.

Fihirisa ta yi nasara ne saboda a gefe take zaune, ba a ƙarƙashi ba. Fayil na nan inda yake, tsohuwar manhaja ba ta ma san ana yi ba. Idan jadawalin ya lalace, a goge shi a sake ginawa, ba a rasa ko wasiƙa ɗaya. Idan rumbun da ke riƙe da ainihin kayanka ne ya lalace, magana ta sha bamban. Wani ƙaramin kamfani mai suna Be ya gane wannan tun da wuri. Babbar manhajarsa, BeOS, ta fara da rumbun bayanai a haɗe da ajiya, suka ga wahalar daidaita biyun, suka sauya zuwa tsarin ajiya mai ɗauke da 'yan bayanai a jikin kowane fayil tare da fihirisarsu. Dominic Giampaolo, wanda ya yi wannan aiki, daga baya ya koma Apple ya yi aiki a kan Spotlight. Sai dai a faɗi gaskiya, an sami sauƙi ne da rage buri. Fihirisa ta san kalma, ba ta san dangantaka ba, kuma hoton da babu rubutu a jikinsa bebe ne a wurinta.

Apple ma ta taɓa faɗawa irin wannan rami. A tsakiyar shekarun 1990 babbar manhajar Macintosh na da lahani biyu. Na farko, rabon masarrafa bisa amana yake, kamar guga ɗaya a bakin rijiya: kowa ya ja ruwansa ya miƙa wa na baya, in wani ya riƙe gugar ya ƙi saki, layi duka ya tsaya. Na biyu, babu katanga tsakanin manhajoji a cikin RAM, don haka kuskuren ɗaya na iya rubutu a filin wata, kwamfuta duka ta sandare. Maganin sananne ne tun zamanin Unix: agogo a cikin masarrafa da ke ƙwace ragama bayan ɗan ƙanƙanin lokaci ko manhaja ta so ko ta ƙi, da kuma keɓe wa kowacce filinta. Shirin Copland, wanda aka fara a 1994, shi aka ce zai kawo wannan, mujallu suka yi ta buga hotunansa. Amma tsofaffin manhajojin Mac sun saba da leƙa filin juna, in ka gina katanga sai su mutu. Aka soke Copland a watan Agustan 1996. Apple ta yi cinikin Be bai faɗa ba, ta sayi NeXT na Steve Jobs a watan Disamba kan sama da dala miliyan 400, kuma Mac OS X ba ta fito ba sai watan Maris na 2001. Abin da ya cece ta gadoji biyu ne: wani ɗaki da tsohuwar babbar manhajar ke gudana a ciki dungurungum, da wasu ƙofofi da aka tace don masu manhaja su ƙaura da gyara kaɗan.

Ita kanta Vista da aka yi ta zagi, ta shigo da sauye-sauyen da har yau ake cin moriyarsu, sai dai ba su ne aka yi ta hasashe a kai ba. Ta fitar da babban kaso na direban katin hoto, wato manhajar da ke magana da na'urar zane, daga cikin ƙwaryar babbar manhaja, ta yadda in ya sandare allo zai yi ƙiftawa ya dawo maimakon kwamfuta ta mutu. Ta hana manhajoji yin abin da suka ga dama da ikon mai gida sai sun nemi izini. Kuɗin da aka biya shi ne shekaru na firintocin da suka daina aiki, da tambayar izini mai gundura, da kwamfutocin da aka manna wa takardar cewa za su ɗauki Vista alhali mafi ƙanƙantar zubinta kawai suke iyawa, lamarin da ya kai ga ƙara a kotu a Amurka. Da Windows 7 ta fito a 2009 aka yi ta yabo, alhali a kan wannan tushen ta zauna, bayan masu direbobi sun gama gyara nasu.

To, tsohon burin ya sake dawowa. Ranar 20 ga Mayun 2024 Microsoft ta sanar da Recall, kuma wanda ya san labarin WinFS zai ga wayon da ke ciki. Recall ba ya neman haɗin kan kowace manhaja, ba ya neman ka cike komai. Hoton allonka yake ɗauka duk bayan 'yan daƙiƙu, ya karanta rubutun da ke jiki, sannan ya mayar da abin da ya gani wani dogon jerin lambobi. An horar da injin ta yadda abubuwa masu ma'ana kusa da juna lambobinsu ke faɗawa kusa da juna. In ka rubuta «jar mota», ita ma maganar taka za a mayar da ita lambobi, a nemo hotunan da suka fi kusa da ita, ko da kalmar mota ba ta taɓa bayyana a allon ba. Tambayar nan ta wa zai gaya wa kwamfuta abin da ke cikin hoto ta sami amsa ke nan. Lissafin na da yawa, shi ya sa aka ce sai kwamfuta mai wata masarrafa ta musamman da ake kira NPU, wadda ke yin lissafi tiriliyan 40 a daƙiƙa guda ba tare da ta zuƙe batir ba.

Cikin 'yan kwanaki masu binciken tsaro, cikinsu har da Kevin Beaumont na Birtaniya, suka nuna cewa rubutun da Recall ke tarawa yana zaune ne a wani fayil da ba a kulle ba muddin mai kwamfutar ya shiga. Ɓarawon da a da sai ya yi sa'a ya kama ka kana rubuta wani sirri, yanzu zai tarar da watanni na duk abin da ka kalla a tattare wuri guda. Kamfanin ya janye shi daga fitowar da aka shirya a watan Yuni, ya sake gini: sai ka kunna da kanka, an kulle bayanan, kuma ba a buɗewa sai da fuskarka ko yatsanka ko lambar sirrinka. Ya isa ga jama'a a watan Afrilun 2025. Gyaran na gaske ne. Amma akwai abin da kulle ba ya magani, kuma shi ya fi damuna. Saƙon da ka tura wa wani, ka goge a wajenka, ya goge a wajensa, yana iya kasancewa a cikin hotunan allonsa, kai kuwa ba a tambaye ka ba. Manhajar Signal ta ga haka, a watan Mayun 2025 ta sa tagarta ta riƙa fita wayam a duk hoton allo a Windows 11. WinFS ya gaza ne don yana buƙatar kowa ya yarda. Recall ya yiwu ne don ba ya tambayar kowa, kuma ban ga yadda za a raba amfaninsa da wannan aibin ba.

Hasashen da ke tashe yanzu ya wuce tunawa, ya kai ga aikatawa: babbar manhajar da za ka ce mata ta nemo rasit ɗin watan jiya ta tura wa akanta, ta buɗe manhajoji ta latsa da kanta. Matsalar da ke gaban wannan ita ce injin harshe, wato ƙirƙirarriyar basirar da za ta yi aikin, ba shi da katanga mai ƙarfi tsakanin umarni da bayani, duka rubutu ne a wurinsa. Idan a cikin wasiƙar da ka ce ya taƙaita maka wani ya ɓoye jimlar da ke cewa a tura fayil kaza zuwa adireshi kaza, yana iya ɗaukarta umarni. An shafe shekaru ana gina katanga tsakanin manhajoji don kada ɗaya ta taɓa kayan wata, wakilin da ake hasashe kuwa amfaninsa duka shi ne ya tsallaka katangun nan da izininka. Duk labarin da ka ji a kan wannan, ka nemi inda aka yi bayanin abin da wakilin ba zai iya taɓawa ba, da inda dole ya tsaya ya tambaye ka.

Akwai kuma tambayar wa ake gina wa. Kwamfutar da Recall ke gudana a kai tana buƙatar RAM gigabait 16 da waccan NPU, kuma harsunan da kamfanin ya ce an daidaita shi da su shida ne: Ingilishi, Sinanci, Faransanci, Jamusanci, Japananci da Sifaniyanci. Mai takardu da Hausa, balle da ajami, ba ya cikin lissafin farko. A kasuwannin kwamfuta na Kano da Kaduna kuwa, abin da ɗalibi ko mai shagon buga takardu ya fi iya saye shi ne wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka aka kawo. Windows 11 ta gindaya sharaɗin wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da masarrafar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko takwararta ta AMD. Ranar 14 ga Oktoban 2025 wa'adin gyaran tsaro na yau da kullum na Windows 10 ya ƙare. Kwamfutoci masu lafiya da ba su cika sharaɗin ba, waɗanda ofisoshin can ke sallamarwa, sanannen abu ne inda irinsu ke ƙarewa. Mai saye a nan ya tambayi zubin masarrafa kafin ya tambayi girman faifai, in kuma ya riga ya saya, Linux na tafiya lafiya lau a kan irin waɗannan.

Da za a tambaye ni abin da nake fata a babbar manhaja mai zuwa, ba zan fara da basira ba. Zan fara da sabuntawar da ba ta kashe kwamfuta. Dabarar tana nan, ana aiki da ita. Babbar manhajar ChromeOS na riƙe da kwafi biyu na kanta. Sabuntawa na sauka a kan wanda ba a amfani da shi, kana ci gaba da aikinka, idan ka sake kunnawa sai a tashi daga sabon. In ya ƙi tashi, a koma tsohon. Ko wuta ta ɗauke a tsakiya, wanda kake kai ba a taɓa shi ba, kuma duk wanda ya taɓa zuba wa allo ido yana addu'ar kada a ɗauke wuta kafin sabuntawa ta gama ya san darajar wannan. Apple ta bi wata hanyar: tun 2019 ta ware babbar manhajarta a sashen da ba a iya rubutu a kai, a 2020 ta ƙara masa hatimin da ake dubawa, ta kuma fara korar manhajojin wasu kamfanoni daga cikin ƙwarya.

Ranar 19 ga Yulin 2024 aka ga abin da rashin wannan ke jawowa. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ɗan fayil mai kuskure, direbansa da ke zaune a cikin ƙwaryar Windows ya karanta ya faɗi, ya tafi da kwamfutar gaba ɗaya. Ana sake kunnawa sai ya sake karanta fayil ɗin ya sake faɗuwa. Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 abin ya shafa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na masu Windows, amma a cikinsu akwai na kamfanonin jiragen sama da asibitoci da bankuna, kuma da yawansu sai da ma'aikaci ya je gabansu ɗaya bayan ɗaya ya goge fayil ɗin da hannu. Microsoft ta yi nuni da wata yarjejeniya da ta yi da Hukumar Tarayyar Turai a 2009, wadda ta ba kamfanonin tsaro damar shiga daidai da tata, a matsayin dalilin da ya sa ba ta rufe ƙofar yadda Apple ta yi ba. Daga baya ta sanar da aikin samar wa waɗannan kamfanoni wurin zama a wajen ƙwarya, da wata hanya da kwamfutar da ta kasa tashi za ta jawo gyara ta intanet da kanta. Wannan aikin ba ya buƙatar NPU, kuma ba shi da abin nunawa a dandalin taro. Yana buƙatar kamfanonin riga-kafi su sake rubuta kayan da suka shafe shekaru suna sayarwa, su kuma yarda cewa daga wajen ƙwarya za su ga ɓarawo da sauri kamar yadda suke ganinsa daga ciki.